Na je na kalli wasan kiɗan Kyuba a Broadway, har yau abin bai sake ni ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum mutanen gida, ku yi haƙuri yau rubutuna zai yi tsawo, abu ne ya tsaya min a rai tun daren Asabar na rasa wanda zan zazzage wa. Shekarata goma sha ɗaya a New York ban taɓa saka ƙafata a gidan wasa na Broadway ba, sai dai in wuce ta gabansu in na sauka a Times Square, ina ganin dogon layi ina cewa a raina wannan harkar masu hali ce. To akwai wata abokiyar aikina 'yar Jamhuriyar Dominika, shekara shida muna aikin dare tare, ita ta tasa ni gaba wai sai mun je mun ga Buena Vista Social Club, har ta ce in ban ji daɗi ba ita za ta mayar min da kuɗina. Muka je, gidan wasan Gerald Schoenfeld a titi na 45, kujerarmu can sama. Wallahi tun da aka fara taɓa tsirkiyar jita tsigar jikina ta tashi. Makaɗan suna nan kan dandamali kina ganin hannun kowa, ba a ɓoye su a ƙasa ba kamar yadda ta ce ana yi a wasu wasannin, akwai mai fiyano da mai kakaki da masu ganguna da wani saurayi mai ƙaramar jita da ya ɗaga ta bayan ƙeya yana kaɗawa, zaure ya kaure da ihu. Labarin kuma na tsofaffin mawaƙa ne da duniya ta manta da su a Havana, aka bi su gida gida aka tattaro su a 1996 suka yi faifai ɗaya da ya zagaye duniya. Magana da Turanci ake yi amma waƙoƙin duk Sifaniyanci ne kuma ba a fassara, ni ko kalma goma ban sani ba amma sai da na yi hawaye. Tambayata ga manyanmu, me ya sa kiɗan nan ya yi min kama da na gida haka? Kamar na san shi tun ina yarinya.

Dan Nima: Anti ai dole kiji haka, kayan mune suka tafi suka dawo da sabuwar riga. ni ina kada jita kadan kadan anan Accra, karamar jitar nan da kika gani sunanta tres, tsirkiya shida gareta amma an hadasu bibbiyu sun zama uku. kuma in kin lura akwai wasu yan sanduna biyu da ake bugawa ka ka ka, ka ka, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. sunanta clave, itace kashin bayan kidan gaba daya, kowa akanta yake tafiya har masu rawa. wannan bugun yana nan a kidan gargajiya na bakin tekun yammacin Afirka har gobe

Maman Ilham: Dan Nima Allah ya yi maka albarka, sandunan nan na gan su! Kuma abin da ya fi kama ni shi ne in waƙa ta yi nisa sai jagora ya riƙa jefa baiti sauran suna karɓa da abu ɗaya suna maimaitawa, sak 'yan amshi.

Dan Nima: shine montuno Anti. amshi ne kawai ba wani abu ba

Baba Na Damagaram: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kin tada mani tsohon mikin ƙuruciya. Mu da muka yi samartaka wajen 1968 zuwa 1975 kiɗan Kyuba muka sha kamar ruwa, a radiyo ne, a wurin biki ne, a gidan abokinmu da ke da injin faifai ne. Pachanga muke cewa, da cha cha cha. In an yi albashi sai a guga wando a shafa mai a kai a tafi. Ba mu jin ko kalma guda amma muna rerawa daga farko har ƙarshe, kowa da yadda kunnenshi ya ba shi. Makaɗan Kongo da na Gine da na Senegal da muke ji a lokacin duk daga wannan rijiyar suka ɗebo. Akwai ma yaran Mali da gwamnatinsu ta tura Havana koyon kiɗa a 1964 suka kafa Las Maravillas de Mali, cikinsu har da Boncana Maïga mutumin Gao, maƙwabtanmu ne. Saboda haka ba kunnenki ba ne ke ruɗin ki.

Malam Sabo: Hajiya Maman Ilham, tsakani da Allah ni abin da ya dame ni daban ne. Wuri ne na kiɗa da rawa, maza da mata a cakuɗe, kuma na san irin shigar da ake yi a irin waɗannan wurare. Ke uwa ce, yara na kallon ki. Ban ce kin yi da mugun nufi ba, amma ina ganin bai kamata a zo ana tallata wannan a zauren da matasa ke ciki ba. Nasiha ce kawai, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Maman Ilham: Amin Malam, na gode da nasiha kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai rawar namiji da mace riƙe da juna, akwai kuma wurin da ake nuna gidan rawa na Tropicana inda shigar matan ba irin tamu ba ce sam. Shi ya sa ma ban tafi da Ilham ba kuma ba zan kai ta ba yanzu. Ni da hijabina na shiga da shi na fito, ba wanda ya dube ni sau biyu. Amma Malam ba rawar ce ta biyo ni gida ba. Wani dattijo ne a cikin labarin, Ibrahim Ferrer, da yana saurayi ana tura shi baya ya yi waƙa a inuwa saboda fatarsa ta cika baƙi, da ya tsufa kuma ya koma neman na abinci a titi. Lokacin da aka miƙa masa makirfo a sutudiyo ya tsaya yana kallon ta kamar bai yarda da shi ake ba, a nan na kasa riƙe kaina, mahaifina na tuna, shekara talatin yana ɗinki a kasuwa ido ya mutu ba wanda ya sake tambayar ina yake.

Malam Sabo: Allah ya jiƙan mahaifinki ya sa ya huta. Maganata kan kiɗan tana nan yadda take, amma na fahimci abin da ya taɓa ki.

Ummu Sadik: Allah ya ji ƙan Baba. Tambaya dan Allah, shi wannan Ibrahim ɗin musulmi ne? Sunan ya ba ni mamaki.

Ɗan Jami'a: A'a Anti Ummu, sunan ne kawai. Shi mabiyin San Lázaro ne, har sanda yake yawo da ita ta wannan waliyyin nasu, wanda a addinin gargajiyarsu suke haɗa shi da Babalú Ayé na Yarabawa. Nan ma wata amsa ce ga tambayar Anti Maman Ilham. An kwashi bayi da yawa daga ƙasar Yarabawa da Kongo da yankin Kalaba zuwa gonakin rake na Kyuba, kuma ba a haramta bauta a can ba sai 1886, jiya jiya kenan in aka kwatanta da wasu wurare, shi ya sa abubuwa da yawa ba su goge ba. Har yau ana buga gangar bata a Havana da Matanzas, ana waƙar ibada da tsohon Yarabanci da suke kira Lucumí. Shi kuma kiɗan da ake kira son, wanda wasan ya ginu a kai, daga gabashin tsibirin ya fito wajen Santiago, jita da tsarin baiti na Sifaniyawa ne, ganga da amshi na Afirka. Amma ni ina da ƙorafi a kan wasan kansa, na karanta labarinsa sosai kuma na daɗe ina bibiyar tarihin faifan. Sun yi wa gaskiya kwaskwarima da yawa. Mawaƙiya Omara Portuondo da aka nuna ta kulle kanta a gida ta daina waƙa, a zahiri ba ta taɓa dainawa ba, a 1996 tana kan aikinta, a EGREM, sutudiyon da aka ɗauki faifan, ma aka same ta tana nata aikin aka gayyato ta, kuma waƙa ɗaya ta jagoranta a faifan. Soyayyar ƙuruciya da aka ƙulla tsakaninta da Ibrahim ƙirƙirar marubucin ce, Marco Ramirez. Sannan Ry Cooder, Ba'amurken da ya shirya faifan, an share shi gaba ɗaya daga labarin. In za ka yi amfani da sunayen mutane na gaskiya, ai sai ka riƙe amanar tarihinsu.

Maman Ilham: Ƙanena tun a farkon wasan sun faɗa da bakinsu cewa ba komai ne ya faru yadda za a nuna ba, ba su yaudari kowa ba. Kuma maganar 'yar'uwarta Haydée da ta tafi Amurka ta bar ta ai gaskiya ce ko? Don a nan abokiyar tawa ta fashe da kuka, ta damƙe hannuna har sai da zobena ya shige min yatsa, ita ma ƙanwarta na can gida shekara tara ba su haɗu ba saboda takardu. Mu da muke zaune a waje mun san wannan ciwon, ko an canja rana ko an canja wuri ciwon na gaskiya ne.

Ɗan Jami'a: Eh wannan gaskiya ne, Haydée ta koma Amurka Omara ta zauna. Ban musa ciwon ba Anti. Tsorona shi ne mutum dubu suna fita daga zauren nan kowane dare suna ɗauka tarihi suka gani.

Kwamared: ni cire Ry Cooder din ma shine abinda yafi burgeni. shekara kusan talatin ana bada labarin nan kamar wani bature ne yaje ya tono gawa ya hura mata rai, alhali Juan de Marcos González dan kasar ne ya san gidan kowa, shi ya bi lungu lungu ya nemo dattawan nan. yanzu an maida masa hakkinsa an sashi a tsakiya, kuma wanda ya bada umarnin wasan Saheem Ali dan Kenya ne, namu ne. matsalata daban ce, wasan da akeyi a Amurka akan Kyuba kullum juyin juya halin 1959 ne mai laifi, shi ya raba yan uwa shi ya rufe kulob. ba'a fadin cewa zamanin Batista, shugaban da juyin ya kifar, Havana ta zama gidan cacar yan mafiyar Amurka, baki baya shiga wasu wurare sai dai ta kofar baya da tire a hannu. ba'a fadin yaki da jahilci na 1961. ba'a fadin takunkumin Amurka da yafi shekara sittin. kasar da ta tura sojoji Angola har Mandela yaje da kansa a 1991 yayi godiya, ta tura likitoci lokacin Ebola a 2014, mu yan Afirka bamu da bakin zaginta

Ɗan Jami'a: Kwamared duk abin da ka lissafo ya faru, amma ka bar rabin. Shi ainihin kulob ɗin na unguwar Buenavista, wanda faifan da wasan suka ɗauki sunansa, ƙungiyar baƙaƙen fata ce, wurin da suke haɗuwa su yi rawarsu tunda an hana su na farare. Gwamnatin juyin ce ta rufe irin waɗannan ƙungiyoyi a farkon shekarun 1960 da hujjar an daina wariya babu buƙatarsu, a 1968 kuma aka rufe gidajen rawa da mashaya da dama, makaɗa suka rasa wurin cin abinci. Niyya mai kyau ce ko ba mai kyau ba, talakan da aka ce an zo ceta shi ya rasa dandalinsa. Rubén González gwanin fiyano a 1996 yana da shekara 76 ko fiyano babu a gidansa, ga ciwon gaɓoɓi. Ibrahim yana goge takalma ya cika fanshonsa. Wannan ba Amurka ce kaɗai ta yi ba.

Kwamared: 1996 kake magana, bayan Tarayyar Sobiyet ta rushe, mai babu abinci babu wuta babu, ga takunkumi an kara daure shi. wace kasa ce zata sayawa tsoho fiyano a wannan hali? kuma ka manta shi kansa Cooder sai da gwamnatinsu taci shi tarar dala 25,000 saboda yaje yayi aikin. a 2004 Ibrahim Ferrer yaci Grammy aka hanashi biza yaje ya karba, tsoho dan shekara 76. yau kuma a garin New York ake saida tikitin labarinsa da tsada

Maman Ilham: Kwamared a gaskiya wasan bai zagi kowa ba yadda kake zato, kuma ya nuna wariyar zamanin Batista ƙarara, ita ce ma ta raba Ibrahim da gaban dandamali. Abin da zan yarda da kai shi ne siyasar an taɓa ta sama sama an wuce, kamar ana tsoron ɓata wa wani rai. Maganar tsada kuwa ba ƙarya, abin da na biya ya kai cefanen sati, kuma na waiga na duba zauren da kyau, irinmu ba mu da yawa. Na tambayi kaina ko jikokin mutanen unguwar nan ta Buenavista za su iya sayen kujera ɗaya a nan. Wannan ya ɗan rage min daɗin, ba zan ɓoye ba.

Ummu Sadik: Akwai rumfar TKTS a Times Square ƙarƙashin jan matakalar nan, suna sayar da tikitin ranar da rangwame wani lokaci har rabi, sai dai ba kullum ake samun wasan da kake so ba kuma sai ka yi haƙurin layi.

Admin: Jama'a muhawara ta yi daɗi amma Kwamared da Ɗan Jami'a a sassauta, kar mu koma yaƙin cacar baka. A ci gaba cikin mutunci.

Dan Nima: Admin bari in sako wani abu da zai sanyaya wuri. kun san faifan nan asali ba haka aka shirya shi ba? Nick Gold na kamfanin World Circuit a Landan makadan Mali yaso ya kai Havana su hadu da na Kyuba, Djelimady Tounkara mai jita da Bassekou Kouyaté mai ngoni, wato dan uwan molo da gurmi. matsalar fasfo da biza ta hanasu zuwa, sutudiyo kuma an riga an kama, shine akace to a nemo wadanda ke kusa ayi wani abu. cikin kamar sati daya aka gama. wato da takardun mutanenmu sun fito da watakila Ibrahim ya mutu yana goge takalma ba wanda ya sanshi. sai 2010 aka cika wancan alkawari da faifan AfroCubism. duk sanda na tuna wannan sai jikina yayi sanyi, rabon wani ne ya tsare wani a hanya

Baba Na Damagaram: Ikon Allah. Wannan ban taɓa ji ba ɗana. Compay Segundo, ɗaya daga cikin dattawan faifan, shi kuma shekararshi nawa lokacin da aka yi faifan, na gan shi a talabijin da hula malafa da sigari yana murmushi.

Ɗan Jami'a: 88 Baba, an haife shi a 1907. Ya tsaya a dandamalin Carnegie Hall na New York a Yulin 1998 yana da 90, ya rasu 2003, shekarar da Rubén ma ya rasu. Ibrahim ya bi su a 2005. Shekarun da suka ci moriyar sunan ba su kai goma ba.

Baba Na Damagaram: To kun gani. Abin da ke cina kenan tun da ɗiyata ta fara maganar nan. Akwai wani mai gurmi a unguwarmu, da can in ya yi wasa sai an rufe hanya, yau yana zaune ƙofar gida ido ya tafi, gurmin na rataye fatar ta tsage. Ba wanda ya taɓa ɗaukar muryarshi da injin kirki, sai kaset guda da ta shaƙe. Yaranmu kowa na da sutudiyo cikin kwamfuta amma ba mai zuwa wurinshi. Shi wancan Juan ɗin ai ƙafa ya sa ya taka ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Dan Nima: Baba wlh ka fadi abinda ke raina. anan zongo ma muna da tsofaffi masu goge da kalangu haka. nayi alkawari wannan watan zan dauki rikoda inje wurin daya daga ciki, zan kawo muku abinda na samu in ya yarda

Kwamared: in kaje ka biyashi dan Allah, kuma ka rubuta yarjejeniya da sunansa. kar a maimaita abinda aka saba, tsoho yayi waka wani yaci kudi

Ɗan Jami'a: A nan kam ni da Kwamared bakinmu ɗaya. Kuma in yi adalci ga wasan, a kyaututtukan Tony na 2025, waɗanda ake ba wasannin Broadway, bayan wanda Natalie Venetia Belcon ta samu na fitowa a matsayin Omara da na tsara rawa da Patricia Delgado da Justin Peck suka samu, an ware kyauta ta musamman aka ba makaɗan da kansu. Wannan ya yi min daidai, don yawanci makaɗi shi ake mantawa.

Maman Ilham: Sun cancanta wallahi. Da aka gama kowa ya miƙe tsaye ana tafi, 'yan wasa suka matsa gefe suka nuna makaɗan da hannu, tafin ya ninka. Wata tsohuwa a layinmu da sandarta ta kasa tashi sai ta riƙa buga sandar a ƙasa, kuma Dan Nima yanzu da ka yi bayani na gane abin da take bugawa, uku ne sannan biyu. Har muka shiga jirgin Bronx abokiyata na rera waƙoƙin ƙasa ƙasa tana fassara min, ashe yawancinsu ba wasu manyan maganganu ba ne, mutum ya tashi daga wannan gari zai je wancan, mace da miji sun je bakin teku ɗiban yashi, wani na roƙon kar a tashi furanni daga barci su ga yana kuka.

Baba Na Damagaram: Ɗiyata tunda kina da mai fassara a kusa, ki yi mani wata alfarma. Akwai kalmar da muka fi shekara hamsin muna rerawa, guwahira, ko guajira suke rubutawa. Mu dai mun ɗauka sunan wata kyakkyawar mace ce a Havana, har abokina ya rubuta shi a bayan mobilet ɗinshi da jan fenti. Ki tambayar mani ita.

Maman Ilham: Baba na tambaye ta yanzu muna hutun ƙarfe biyu na dare. Ta ce ba suna ba ne, guajira na nufin mutuniyar karkara, 'yar ƙauye, irin matan manoma na Kyuba, namiji kuma guajiro. Ta ce akwai ma salon kiɗa mai wannan suna, kiɗan mutanen gona. Da na gaya mata wani dattijo ne a Nijar ke tambaya kuma tun kafin a haife ta yake rera waƙoƙin nan, ta ajiye kofinta ta ce in gaishe ka da kyau, wai in ka yarda ka turo muryarka tana so ta ji yadda kuke faɗa.

Baba Na Damagaram: Ashe 'yar ƙauye muke ta kira duk shekarun nan, mu da iyayenmu duk manoma ne. Ki ce ina amsawa. Mai mobilet ɗin na nan da ranshi a Mirriya, ƙafa ce dai ta hana shi fita. Jibi ranar kasuwa zan je in gaya mashi, in jikana ya riƙe mana wayar sai mu rera mata tare.